Kayan koyarwa da jarrabawar kimiyya a lakwal: tambayoyin da malamai ke yawan yi

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa duk lokacin da malaman SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa) da na PC (fizik da shimi) sunka haɗu nan Maradi, ko wajen zaman UP, wato taron malaman fanni guda, ko takwaranshi CAPED na ƴan firamare, har da ƙannenmu masu rubuta memuwar da ke zuwa neman ajin da za su yi gwaji. Na tattara su wuri guda, na fara da masu sauƙi, masu lissafi suna can ƙasa.

Wai mi ake nufi da bincike kan kayan koyarwa? Ba rubuta littafi ba ne kawai?

A'a mushe. Kayan koyarwa sun haɗa da fishin darasi, da zanen da kake yi a tabulo, da takardar aikin da kake raba ma yara, da kayan gwaji, har da ita kanta dabuwar ɗin, wato jarrabawar da ake yi a aji. Abin da ke maida su bincike shi ne ba ka yarda sun yi kyau don kai ka ga sun yi kyau, sai ka kai su gaban yara, ka duba inda sunka tsaya, ka gyara, ka sake kaiwa wani aji. Fishin da anka rubuta a ofis da ruwan biki kala uku amma bai taɓa shiga ajin sizyam ranar zafi ba, har yanzu zato ne.

Wa ke da wanga aiki a Nijar, mu ko manya na Yamai?

Kowa da rabonshi. INDRAP a Yamai ita anka kafa don bincike kan koyarwa da shirya littattafan lakwal, ENS ta Jami'ar Abdou Moumouni na horas da malaman kwalej da lise da konseye da anspekta, nan gida kuma ga makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Tsofaffin cikinmu sun tuna SMASSE, shirin da ya taso a Kenya a 1998 da tallafin JICA ta Japan, ya shigo Nijar a 2006, wanda ya dinga nanata ma malaman lissafi da kimiyya cewa yaro ya taɓa da hannunshi, a yi gwaji da abin da ke kusa, malam ya shirya, ya koyar, ya duba, ya gyara.

Amma duk waɗannan ba su ke riƙe da takardun yaranka ba. Amsoshin da ba daidai ba, waɗanda mu ke ja ma jan biki mu wuce, su ne ainihin kayan aikin wanga bincike, kuma a jakarka suke.

To daga ina za ni fara in ina so in shirya darasi guda da kyau?

Daga abin da ke kan yaro tun kahin ka buɗe baki. Yara ba su zuwa aji da kai wayam, suna zuwa da bayaninsu, kuma bayanin nasu na da hujja. Tambayi ajinka ina gero ke samun abincinshi, da yawa za su ce cikin ƙasa, don sun ga gonar da anka sa ma taki ta hi wadda ba a sa ma ba. In ka rubuta musu ƙa'idar haɗa abinci cikin ganye da hasken rana za su hardace ta su kawo maka ranar kwampozisiyo, amma tsohon bayanin na nan ƙasa bai motsa ba. Nan ne labarin Van Helmont ke da amfani, wanda ya shuka icce cikin tukunya ya yi ta ba shi ruwa shekara 5, iccen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Ka ba su lambobin ka yi shiru, su yi gardama. Shi kanshi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama icce, bai san da rabon iska ba, kuma wanga ma darasi ne.

Haka zancen ɗari da zahi. Kusan kowa zai ce lokacin ɗari duniya ta yi nesa da rana, alhali farkon Janairu, muna tsakiyar hunturu, shi ne lokacin da duniya ta hi kusa da ita. Karkatar duniya ce ke kawo bambancin. Maradi na wajen digiri 13 da rabi arewa, don haka rana na tsayawa tsaf bisa kanmu sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma sanda guda da anka kafa a hilin lakwal ana auna inuwarta duk mako da rana tsaka za ta nuna haka ba tare da dala ko ɗaya ba.

Saboda haka kahin darasi, tambaya uku a ƴar takarda, ba maki, ba suna. Abin da za a yi da amsoshinsu na cikin zancen tambaya mai hawa biyu a ƙasa.

Ba mu da labo, ba mu da ko bututun gwaji guda. Wane gwaji kuma?

Madam, kasuwa ta ishe mu rabin porogaram. Ɗauki zoɓo. Busasshe cikin hannu guda, a jiƙa da ruwan zahi tun gida, a tace, sannan a sirka da ruwa har ya koma ja mai haske wanda ake hango yatsa ta cikinshi, don in ya yi kauri launin ba ya nuna canji, nan mutane da yawa ke faɗuwa su ce gwajin bai yi. A yanke gindin robobin ruwa guda huɗu, a jera bisa farar takarda. Na farko a bar shi haka don kwatance. Na biyu a matsa lemun tsami, sai ya ƙara ja ya yi haske. Na uku a ɗiga ruwan kanwa, nan take sai ya juye ya yi kore mai duhu, kuma a nan ne aji ke tashi tsaye. Na huɗu a bar ma yara su kawo nasu, ruwan tsamiya, ruwan toka, omo, ruwan pompo, amma sai sun rubuta launin da suke zato tukuna. Daga baya a ɗiga lemun tsami cikin mai kanwa a hankali har jan ya dawo, ke nan kin koyar da yadda asid da baz ke kashe juna. Kada a jiƙa shi ya kwana biyu, lalacewa yake.

Sauran ma haka. Ruwan iyod na parmasi bisa garin rogo ko kullun gero na komawa baƙi mai shuɗi, bisa sukari ba ya yi. Sirinji marar allura, a toshe bakin da yatsa, iska na matsuwa ruwa ba ya matsuwa. Randa biyu, ɗaya an shafe bayanta da penti, a auna sanyin ruwansu da la'asar. Abu guda da za a kula, tocilan yanzu LED gare su, pil guda na 1,5 ba ya kunna su, kuma in an juya ƙafafun ba su kamawa, don haka a gwada a gida kada a sha kunya.

Yara na jin daɗin gwaji ƙwarai, amma ranar dabuwar sai in ga babu komi. Mi ya sa?

Don kallo sunka yi, ba tunani ba. Hannu na iya aiki kai na barci. Maganin da masu bincike sunka daɗe suna gwadawa matakai uku ne, yaro ya rubuta abin da yake zaton zai faru da dalilinshi, sannan a yi gwajin, sannan ya bayyana inda zatonshi da abin da ya gani sunka saɓa. Mataki na farkon shi anka hi tsallakewa don cin lokaci, kuma shi ne mai aikin.

A 1998 wani malamin fizik a Amurka, Richard Hake, ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6000 da anka yi ma jarrabawar fahimta kahin kwas da bayanshi. Azuzuwan da malam ke bayani yara na kwafa sun cike kusan 0,23 na giɓin da ke tsakanin makinsu na farko da cikakken maki, waɗanda ake sa su hasashe da gardama tsakaninsu sun cike kusan 0,48, wato ninki biyu. Amurka ce ba Tibiri ba, na sani, amma gwada shi a ajinka ba ya cin kuɗɗi.

Ajina ya kai yara 90. Duk wanga na masu ƙaramin aji ne.

Ba duka ba. Gwaji guda bisa tebur mai tsawo a tsakiyar aji, layi layi su zo su gani, ya hi rukuni 15 da ba ka iya zagayawa. Kuma muna da kayan aiki tun na kakanni da munka yar a firamare, wato allo da alli irin na La Martinière, ka yi tambaya, kowa ya rubuta A ko B ko C, ka buga tebur, a ɗaga. Cikin daƙiƙa kaɗan ka ga kan yara 90. Ƴan kwalej za su ce an maida su CP, mako guda sun saba. In aji ya rabu biyu kada ka ba da amsa, ka ce kowa ya shawo kan na kusa da shi, a sake ɗagawa.

Sai jira. Mary Budd Rowe ta auna tun shekarun 1970 ta tarar malamai na jira kusan daƙiƙa 1 bayan tambaya, in an kai 3 ko hiye amsoshi na ƙara tsawo kuma masu shiru na shiga. Ƴan mata na bayan aji sun hi kowa cin ribar wanga.

Gwajin da ke buƙatar wuta hwa?

A ajin zana, babu, ko kyandir. Mu mutanen Maradi ba a yi muna wa'azi kan wanga, gobarar Nuwamba 2021 da ta ci yara ƙanana sama da 20 a azuzuwan zana na nan a ranmu. Ruwan zahi a zo da shi cikin tarmos. In dole ne a kunna, to a waje, nesa da zana, malam kaɗai ke taɓawa, bokitin rairayi na kusa. Ruwan batirin mota da soda ta masu sabulu kada su shigo lakwal da sunan dabara, kuma a hana ɗanɗana komi ko da zoɓon ne.

In yi bayani da Hausa ko in tsaya ga Faransanci?

BEPC da BAC da Faransanci ake rubuta su, ba mai musun wanga. Amma koyarwa da harshen gida ba baƙo ba ne a ƙasar nan, makarantun gwaji sun fara tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin da nike gani shina aiki, gardamar rukuni da hasashe a bar su da Hausa, taƙaitawa da kalmomin fanni a rubuta da Faransanci cikin kaye.

Wajen jarrabawa ne matsalar ta hi ɓoyewa. Yaro ya faɗi tambaya, ba ka sani ba kimiyyar ce bai gane ba ko jimlar. Ka ɗauki yara biyar da sunka faɗi, ka karanta musu tambayar da Hausa baki da baki. In uku sun amsa daidai, tambayarka karatu take aunawa, dubi amsar kan inganci a ƙasa.

Mi ya bambanta antero (gajerar jarrabawar aji) da dabuwar da abin da ake ce ma aunawa don gyara?

Bambancin na ga abin da kake yi da sakamakon. In ya tahi cikin muwayan kawai, hukunci ne. In ya canza darasin gobe, gyara ne. Paul Black da Dylan Wiliam a Ingila sun bi bincike masu yawa a 1998 sunka nuna irin ta biyun na ɗaga sakamako sosai, musamman ga yara masu rauni. Kahin su, Ruth Butler a 1988 ta raba yara uku, wasu maki kaɗai, wasu sharhi kaɗai, wasu duka biyun. Masu sharhi kaɗai ne sunka ci gaba, masu duka biyun sun yi kamar masu maki kaɗai, don yaro na ganin 07 bisa 20 ya duba na maƙwabcinshi ya ninke takarda. Direkta na son maki, iyaye na son maki, a ba su, amma tsakanin dabuwar biyu a samu aiki guda da ba maki sai layi ɗaya na abin da za a gyara.

Yaya zan rubuta tambayar da ke auna fahimta ba hadda ba?

Fara da tebur kahin tambaya. A gefe babukan da ka koyar, a sama matakai uku, tunawa, bayani, amfani a sabon yanayi, wanda taƙaitawa ce ta rabe-raben Bloom na 1956. Ka raba maki 20 cikin gidajen. Ka gwada sa tsohuwar dabuwar ɗinka cikin teburin, sau da yawa za ka tarar kusan duk makin ya taru a gida na farko.

Sannan tambaya mai hawa biyu, wadda David Treagust na Ostareliya ya yaɗa a shekarun 1980. Hawa na farko, pil da ƙwan tocila biyu iri ɗaya a jere bisa waya guda, wane ya hi haske, na farko, na biyu, ko daidai suke. Hawa na biyu, don mi. Nan za ka jera dalilai, na farko ya shanye kuran sauran ya isa na biyu, kuran na fitowa ta kai biyu na pil ya haɗu, kuran ɗaya ne ke ratsa duka. Dalilan ƙarya kada ka ƙago su daga kanka, ka kwaso su daga ƴan takardun nan marasa suna da munka yi zance a sama, da kalmomin yaran. Maki sai an ci hawa biyun. Za ka sha mamakin yawan masu cewa daidai suke da dalilin da ba shi ba.

Yaya zan san tambaya ta yi kyau bayan an yi jarrabawar?

Lissafi biyu, salula ta isa. Na farko sauƙi, yawan waɗanda sunka ci a raba da yawan aji. Tsakanin 0,3 da 0,8 shi anka hi so, ko da yake tambaya mai sauƙi ɗaya ko biyu a farko na kwantar da hankalin yaro.

Na biyu rarrabewa. A ce yara 80 gare ka. Jera takardu daga babban maki zuwa ƙarami, ɗauki kashi 27 cikin 100 na sama da na ƙasa, wato 22 da 22. Tambaya ta huɗu, 18 na sama sun ci, 6 na ƙasa sun ci, 12 a raba da 22 ya ba da kusan 0,55, tambaya ce mai kyau, aje ta. Tambaya ta bakwai, 9 na sama, 12 na ƙasa, lissafi ya koma ƙasa da sifiri, wato masu ƙoƙari sun hi faɗuwa. Kada ka zagi yara, duba tambayar, ko barem ɗinka, wato tsarin ba da maki, ne da kure, ko amsa biyu ne daidai, ko akwai kalmar da mai zurfin tunani ke fassarawa daban. Ƙasa da 0,2 a gyara ko a yar. Zaɓin ƙarya da ba wanda ya ɗauka ma a canza shi, zaman banza yake. In malaman UP guda sunka yi haka shekara biyu suna zubawa wuri guda, sun samu rumbun tambayoyin da anka gwada.

Malamin da ke duba memuwar ɗina ya ce in nuna inganci da tabbaci na jarrabawata. Mi zan kai mishi?

Inganci shi ne jarrabawar na auna abin da ka ce tana aunawa. Hujjarka, teburin rabon maki na sama, da malamai biyu ko uku masu gogewa da sunka duba kowace tambaya da porogaram a hannu, da yara kaɗan da ka zauna da su suna amsawa suna faɗin abin da ke ransu da ƙarhi. Na ƙarshen nan ya hi sauran tona asiri.

Tabbaci shi ne sakamakon ba ya rawa. Ga tambayoyin zaɓi ana lissafa alfa ta Cronbach, lambar da ke nuna yadda tambayoyin ke tahiya tare, 0,7 zuwa sama anka saba karɓa, amma ka sani yawan tambayoyi kaɗai na ɗaga ta, kuma jarrabawa na iya samun alfa babba tana auna Faransanci. Ga tambayoyin rubutu, hotokopin takardu 20, malamai biyu su gyara ba tare da sun ga na juna ba, a kwatanta. In tazarar ta kai maki 3 ko 4 bisa 20, barem ɗin ne za a sake zama a kanshi.

Na koyar da aji ɗaya da sabuwar hanya, ɗaya da tsohuwa, na farko ya hi maki. Shi ke nan na tabbatar?

Sannu dai ƙanena. An yi musu jarrabawa kahin a fara? In babu, wataƙila dama can sun hi. Wa ya koyar da su, kai duka biyun, kana son hanyarka ta ci? Ɗaya ƙarhe 8 na sahe ɗaya kusan azahar? Wa ya rubuta jarrabawar ƙarshe, kuma ba ta yi kama da atisayen ajin gwaji ba? Wa ya gyara, ya san takardar wane aji ce? Kowace ɗaya cikin waɗannan na iya haihwar bambancin. Abin da za ka iya, jarrabawa kahin da baya, a jefa kwabo wajen zaɓen ajin gwaji, lokaci daidai, wani ya gyara da sunaye a rufe, a sake aunawa bayan wata guda ba sanarwa, don sabon abu na da zumuɗin da ke wucewa. Aji biyu ba su isa ka ce a canza porogaram na ƙasa ba, ka rubuta abin da ka gani a inda ka gani. Kuma a nemi izinin direkta, a cire sunayen yara, ajin kwatance a ba su darasin daga baya.

PASEC da TIMSS da PISA da ake ta faɗi, suna gaya muna matsayinmu a kimiyya?

Duka ukun jarrabawa ce ta kwatanta ƙasashe. PASEC ta ƙasashe masu Faransanci ce, Nijar ta shiga ta 2014 da ta 2019, amma harshe da lissafi take aunawa a farkon firamare da ƙarshenta. TIMSS, tun 1995 duk shekara 4, da PISA, tun 2000 ga ƴan shekara 15, su ke da kimiyya. Amfaninsu gare mu shi ne tsofaffin tambayoyin da sunka saki kyauta, ka ga yadda ake gina tambaya bisa yanayi. Amma a canza yanayin, dusar ƙanƙara ta koma randa ko Gulbi lokacin damina, sannan a gwada kamar kowace tambaya.

Salula da kwamfuta za su iya maye labo?

Wani wuri. PhET na Jami'ar Kolorado, shirin da ke kwaikwayon gwaji a kwamfuta ko salula, wanda Carl Wieman ya fara a 2002, kyauta ne, akwai Faransanci, ana saukewa a yi aiki ba intanet, kuma ga abin da ido ba ya gani kamar tahiyar kuran cikin waya ba shi da na biyu. Amma abin da za a iya taɓawa a taɓa shi. Tambayoyin da manhajojin AI ke rubutawa kuwa a ɗauke su danye, a bi amsar da kai, a wuce da su ta lissafin rarrabewa.

Gwaji ya ƙi a gaban yara, ko ya ba da lambar da ba ta littafi ba. In ɓoye?

Kada ka gyara lamba. Littafi ya ce ruwa na tafasa a 100, ma'auninka ya tsaya 99 ko ƙasa kaɗan, to ma'aunin na iya zama da gaskiya, don 100 ɗin a bakin teku ne, Maradi kuwa ta hi teku tsawo da sama da mita 300, kuma kusan duk mita 300 na rage digiri 1. Rubuta 99 a tabulo ka tambaye su mi ya sa. In kuwa gwajin ne ya ƙi baki ɗaya, a jera dalilan da ake zato, pil ya mutu, waya ba ta taɓa ba, zoɓo ya yi kauri, a gwada ɗaya ɗaya in lokaci ya bari, in bai bari ba a ɗage zuwa darasi na gaba. Bayan an tashi ka rubuta a bayan fishin abin da ya faru, da aji, da minti nawa kowane mataki ya ci, da amsa uku mafi yawa da yara sunka kawo, sannan ka tahi da shi zaman UP na gaba a ba wani malam ya gwada a ajinshi.